Fito da Jirgin Ruwa Mai Nauyi Daga Gangaren Bakin Ruwa da Motar A-kori-kura: Tambayoyi da Amsoshi

Sauke jirgi a ruwa ba ya ba direba wahala sosai, domin gangare ne yake yi masa rabin aikin. Wahalar tana wajen fitowa, lokacin da jirgin ya hau tirela, wato amalanken ɗaukar jirgi da mota ke ja, tayoyin motar suka jiƙe, kuma dukkan nauyin yana janyo ta baya zuwa ga ruwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu jiragen faiba masu inji da direbobin da ke ja musu suka fi yi.

Me ya sa motar da ke jan jirgi lafiya a kan titi take kasa fito da shi daga ruwa?

Galibi ba ƙarfin inji ne ya gaza ba, tayoyi ne suka rasa abin kamawa. A Amurka, inda aka fi gina irin waɗannan gangaren da kankare, ana yin su ne da karkatar kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wato a kowace mita 100 ta tsawo ƙasa tana tashi da mita 12 zuwa 15. A irin wannan karkata, ƙarfin da ake bukata don hawa bai wuce kashi 15 cikin 100 na jimillar nauyin ba. Idan jirgi da tirela sun kai kilo 3,000, motar kuma kilo 2,100, jimilla kilo 5,100 ke nan, kuma abin da za a ja ya yi daidai da nauyin kilo 760 ko kusa da haka. Duk injin dizal mai lafiya yana iya samar da wannan a giya ta ɗaya.

Sai dai ƙarfin injin ba ya isa ƙasa sai ta wurin da taya ta taɓa kankare, wuri ne kuma da bai fi tafin hannu girma ba. Motar a-kori-kura idan babu kaya a bayanta, gabanta ya fi nauyi saboda inji, alhali tayoyin baya ne suke tura ta. Ƙasan gangare kuwa, inda ruwa ke rufewa yana buɗewa, gansakuka ce take lulluɓe shi, kuma santsinta yana iya rage kamun taya zuwa ƙasa da rabin abin da ake samu a busasshen kankare. To, tayoyi biyu marasa isasshen nauyi a kan gansakuka, komai ƙugin inji, wulwulawa kawai za su yi a wuri ɗaya.

Yaya zan san ko motata ta isa jan wannan jirgin?

A duba littafin motar, a kuma auna kayan a sikeli. Wasu nau'o'in Toyota Hilux masu dizal na 'yan shekarun nan an ƙayyade musu jan kilo 3,500 idan tirelar tana da birki, amma kilo 750 kacal idan ba ta da shi. Masu injin fetur da tsofaffin ƙira ba su kai haka ba. Manyan motocin Amurka irin su Ford F-150 akwai waɗanda ke jan sama da tan 6, amma wannan ma ya danganta ne da injin da aka sa musu da irin aksul ɗinsu, don haka sunan mota kaɗai ba ya zama hujja.

Akwai wani adadi da mutane ba su cika kula da shi ba, wato iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. A wasu Hilux ɗin da aka sayar a Ostareliya adadin kilo 5,850 ne. Idan aka cire kilo 3,500 na tirela da kusan 2,100 na motar kanta, abin da ya rage wa direba da fasinjoji da kaya bai kai kilo 300 ba. Wanda ya ɗauki mutum huɗu da jarkokin mai ya riga ya ƙetare iyaka tun kafin ya isa bakin ruwa.

Nauyin da mai sayar da jirgi yake faɗa kuma yawanci na gangar jikin jirgin ne kawai. Sai an ƙara inji, da batir, da anga, da tirelar kanta, da mai. Litar fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, litar ruwa kuwa kilo ɗaya ce cif. Jirgin da ya wuni yana aiki, ruwa ya taru a ƙasansa, yana iya fitowa da ƙarin ɗaruruwan kilo waɗanda babu wanda ya lissafa da su.

Dole ne sai da mota mai jan taya huɗu?

Ba dole ba ne ga ƙaramin jirgi a kan gangare mai kyau, amma ga jirgi mai nauyi, a ganina, ita ce abu na farko da ya kamata a nema, gaba da girman inji. Dalili kuwa shi ne idan tayoyi huɗu suna ja, dukkan nauyin motar ne yake danne tayoyin da ke aiki, kuma tayoyin gaba galibi suna tsaye ne a sama, inda kankare ya fi bushewa.

Giyar da aka rubuta wa 4L, wadda direbobinmu suke kira ogzilari, ita ce ta dace da wannan aiki. A Hilux tana ninka ƙarfin juyawa fiye da sau biyu da rabi, tana kuma rage gudu daidai da haka, ta yadda motar za ta riƙa rarrafe ba tare da an matsa mata ba. Ana shigar da ita ne mota tana tsaye cak, an taka kuloci ko an sa giya a N. Gara a shigar da ita tun a sama kafin a fara ribas, domin wasu motocin sai tayoyi sun ɗan mirgina kafin ta kama, kuma ƙasan gangare ba wurin gwaji ba ne.

Da an hau sama aka isa shimfiɗaɗɗen wuri busasshe, a cire ta kafin a karya sitiyari sosai. A irin waɗannan motoci tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke da juna idan ogzilari tana ciki, kuma juyawa a busasshen kankare yana murɗe ƙarafan da ke kai musu ƙarfi.

Idan motata mai jan taya biyu ce, me zan yi?

A ƙara wa tayoyin baya nauyi. Buhunan yashi a bayan motar, daidai saman aksul, suna yin aiki fiye da yadda ake zato, muddin ba a wuce iyakar abin da motar ke iya ɗauka ba. Mutane sukan hau bayan mota su yi tsalle don ta kama ƙasa, amma wannan ganganci ne, domin idan ta zame baya babu mai tsayar da ita. Ana kuma iya kankare gansakukar da shebur ko tsintsiya mai ƙarfi a hanyar da tayoyin za su bi, a watsa yashi mai kaushi. Idan motar tana da makullin aksul ɗin baya, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, a kunna shi. Idan babu, taya ɗaya tana fara santsi dukkan ƙarfin zai tafi gare ta, ɗayar kuma ta tsaya.

Yaya ake tashi daga ƙasan gangare ba tare da an zame baya ba?

A hankali, kuma a miƙe. A motar atomatik, direba ya riƙe birki da ƙafar hagu, ya sa giya mafi ƙasa, ya ba da wuta kaɗan kaɗan har ya ji motar ta ɗauki nauyin, sannan ya saki birkin sannu a hankali. Atomatik ta fi sauƙi a nan saboda man da ke cikin akwatin giyarta ne yake ɗaukar wahalar tashin. A motar manuwal kuwa hambirki ne zai riƙe motar, a saki kuloci har inda ya fara kamawa, a ƙara wuta, sannan a sauke hambirkin. Wanda ya tsaya yana riƙe tan biyar da rabin kuloci a kan gangare zai ji ƙauri ba da daɗewa ba, kuma wannan ƙaurin kuɗin bakanike ne.

Idan taya ta fara wulwulawa, a ɗage ƙafa daga totur nan take. Tayar da ke juyawa a banza kamunta bai kai na wadda ke mirginawa a hankali ba, tana kuma goge gansakukar ta mayar da ita kamar sabulu. Haka nan motar takan fara karkata gefe, inda tirelar za ta iya faɗawa daga bakin kankare. A tsaya, a ja hambirki, a sa waigi, a sake dabara.

Har ina ya kamata a shigar da tirela cikin ruwa?

Daidai inda jirgin zai iya hawa, ba ƙari. Ga yawancin tireloli masu katakan da jirgi ke kwanciya a kansu, idan ruwa ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na katakan ya wadatar. Idan an zurfafa da yawa, bayan jirgin zai riƙa yawo a kan ruwa, ya zauna a karkace lokacin da aka ja shi. Idan kuma ba a shiga sosai ba, sai an sha wuya wajen janyo shi da winci, wato na'urar da ke gaban tirela mai naɗe ɗamarar da ke janyo jirgi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tayoyin bayan motar su tsaya a bakin ruwa, kada su shiga. Ban da santsi, akwatin haƙoran da ke tsakiyar aksul ɗin baya yana da wata 'yar kafar shaƙar iska, kuma idan ya nutse yana da zafi, sanyin ruwan yakan sa ya zuƙo ruwa ciki. Man da ke ciki sai ya koma fari kamar madara, ya daina kare haƙoran. Duk wanda aksul ɗinsa ya nutse ya sa a duba masa man kafin ya yi tafiya mai nisa.

Mene ne haɗarin ƙarshen kankare?

Kowane gangare yana da inda kankarensa ya ƙare a ƙarƙashin ruwa, kuma sau da yawa akwai rami a wurin. Masu tura jirgi kan tirela da ƙarfin inji su ne suke haƙa shi, domin farfela tana kwashe yashin da ke gindin kankaren ta tara shi can baya. Shi ya sa aka hana wannan ɗabi'a a wurare da dama a Amurka. Idan tayoyin tirela suka faɗa wannan rami, firam ɗinta yakan zauna a kan bakin kankare, kuma ja da ƙarfi ba ya haifar da komai sai tsinke aksul ɗin tirelar. Abin yi shi ne a mayar da jirgin ruwa domin nauyi ya ragu, a ɗaga bayan tirelar, sannan a ja ta a hankali.

Wannan ya fi faruwa idan ruwa ya ja baya. Tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, ruwansa yana sauka da mitoci da dama tsakanin cikarsa da ƙarancinsa a kowace shekara, haka ma madatsun ruwa irin su Tiga sukan ragu sosai da bazara. A gaɓar teku kamar Legas kuwa, ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, don haka gangaren da aka sauke jirgi a kansa lafiya da safe yana iya zama gajere kuma mai santsi da rana. Kafin a yi ribas a wurin da ba a sani ba, a sa wani ya shiga da gora ya laluba inda kankaren ya tsaya.

To, inda babu kankare fa, sai yashi ko laka?

Haka yawancin bakin ruwanmu yake, kuma a nan dabarar ita ce a bar motar a sama inda ƙasa take da ƙarfi, a haɗa ta da tirelar da doguwar igiya ko ɗamarar ja wadda aka san ƙarfinta. Ana sa wa tirelar waigi, a cire ta daga motar, a sauke ƙaramar tayar da ke gabanta a kan faffaɗan katako don kada ta nutse, sannan a ja a miƙe har zuwa shimfiɗaɗɗen wuri, a sake sa waigi kafin a kwance igiyar. A kan rairayi, rage iskar tayoyin motar yana faɗaɗa wurin da suke taka ƙasa, amma a mayar da iskar kafin a hau titi.

Akwai kuskure ɗaya da ya kashe mutane a ƙasashe da dama: ɗaura igiyar fizga a kan dunƙulen ƙarfen da tirela ke zama a kansa. An yi shi ne don ja mai ɗorewa, ba don fizga ba, kuma idan ya karye yakan tashi kamar harsashi ya bi tsawon igiyar. A ɗaura a ƙugiyar da aka yi domin ceto mota. Kowa kuma ya matsa nesa da igiyar, kada wani ya tsaya a bayan tirelar ko tsakaninta da motar.

Zan iya fita daga motar in bar ta a kan gangare?

Idan ya zama dole. A taka birki, a ja hambirki iyakarsa, sannan a sa giya a P, ba akasin haka ba. Abin da ke riƙe mota a P wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne a cikin akwatin giya, kuma idan dukkan nauyin ya sauka a kansa giyar takan ƙi fita. A motar manuwal a kashe inji a bar ta a giya ta ɗaya. Hambirki tayoyin baya kaɗai yake kamawa, su ne kuma suke kan santsi, shi ya sa barin ogzilari a ciki yake da amfani, tunda yana ɗaure na gaba da su. Waigi a bayan taya bai taɓa zama ɓata lokaci ba.

Yayin aikin, gilasan motar su kasance a sauke, kuma kada a bar yara ko wani fasinja a ciki. Motar da ta zame cikin ruwa ƙofofinta ba sa buɗuwa da sauƙi saboda matsin ruwan, gilasan lantarki kuma suna iya daina aiki.

Me za a duba a jikin jirgin kafin a ja shi sama?

A tabbatar hancin jirgin ya manne da robar da ke gaban tirela, ɗamarar winci ta ɗaure tam kuma an kulle ta, an kuma maƙala sarƙar kariya. Tirela mai tayoyin roba da jirgi ke mirginawa a kansu ta fi haɗari a nan, domin idan ɗamarar ta kwance jirgin zai sulale ya faɗi a kan kankare. A ɗaga injin jirgin sama don kada ƙasansa da farfela su daki ƙasa.

Da tirelar ta fita daga ruwa, idan motar ta tsaya da kyau kuma babu masu jira, a cire toshiyar da ke bayan jirgin, karkatar gangaren za ta taimaka ruwan ya zube. Idan akwai layi, a hau sama a kauce tukuna, a can za a ɗaure bayan jirgin da tirela, a kwashe kaya.

Wane bambanci haɗin tirela da mota yake yi?

Dunƙulen ƙarfen ja ba girmansa ɗaya ba ne a ko'ina. A Turai da Ostareliya milimita 50 ne, a Amurka kuwa an fi amfani da inci 2, wato milimita 50.8, da wani mafi girma na inci 2 da 5/16 domin manyan kaya. Wanda ya sayi tirela 'yar gwanjo daga Amurka, motarsa kuma tana da dunƙulen Turai, ido ba zai nuna masa bambancin ba, amma haɗin ba zai zauna daram ba. Ana rubuta girman a jikin kowannensu, a karanta. Sarƙoƙin kariya biyu kuma a gitta su a ƙarƙashin wuyan tirelar domin su tare shi idan ya kuɓuce.

Nauyin da wuyan tirelar ke saukewa a kan motar, ga tirelar jirgi, yakan kasance tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta da jirgin. Tunda injin jirgi a can baya yake, sau da yawa wuyan yakan yi sauƙi fiye da kima, kuma a kan gangare hakan yana iya ɗage bayan motar ya ƙara rage wa tayoyinta kamu. Matso da jirgin gaba kaɗan a kan tirelar yakan gyara wannan, yana kuma rage lilon da take yi a kan titi.

Me ya sa boris ɗin tayoyin tirela suke saurin lalacewa?

Saboda ana tsoma su a ruwa suna da zafi. Bayan doguwar tafiya, iskar da ke cikin kan tayar takan tsuke da zarar ta ji sanyi, ta zuƙo ruwa ta gefen robar da ke rufe ta, ruwan ya gauraya da giris, tsatsa ta biyo baya. A bar su su huce yayin da ake shirya jirgin, a riƙa sabunta giris ɗin da irin wanda ruwa ba ya wankewa. Idan fitilun tirelar ba rufaffu ba ne, a zare wayarsu kafin shiga ruwa, a tuna a mayar. Birkin tirelar da ya jiƙe ba ya kamawa sosai a farkon tafiya, don haka a taka birki a hankali sau biyu ko uku kafin a ɗauki gudu. Wanda ya yi aiki a ruwan gishiri ya wanke tirela da ƙarƙashin motar da ruwan daɗi a ranar.

Shin wajibi ne a tsince ciyawar da ta maƙale a tirela?

Wajibi ne, kuma a wasu jihohin Amurka doka ce. Wata ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo, wadda aka fara gani a tafkin Sent Kilya da ke tsakanin Amurka da Kanada a 1988, ta bazu zuwa tafkuna masu nisa a jikin jirage da tireloli da ruwan da ya rage a cikinsu, tana toshe bututun tashoshin ruwa da na lantarki. Mu ma mun san yadda kainuwa da danginta suke rufe hanyar jirgi su hana masunta jefa taru, kuma ɗan guntun da ya maƙale a aksul ya isa ya kafa sabon gari a wani ruwan. Kafin a bar bakin ruwa a zagaya tirelar, a cire duk abin da ya rataya a aksul da fitilu da farfela, a zubar da ruwan da ke cikin jirgin a nan inda aka ɗebo shi, a kuma bar jirgin ya bushe sosai kafin a kai shi wani tafkin.